Aikin Bazara a Babbar Gonar Hatsi da Shanu: Yadda Manoman Nebraska ke Tsere da Lokaci

Gabatarwa

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wata jiha mai suna Nebraska, wadda mafi yawanta shimfiɗaɗɗen fili ne. Mutanenta kimanin miliyan 2 ne, amma shanun da ke cikinta sun kai kimanin miliyan 6, kuma tana sahun gaba wajen noman masara. Matsakaiciyar gona a can ta kusa hekta 400, akwai kuma masu faɗin dubban hektoci, waɗanda sau da yawa iyali guda ne ke aikinsu tare da ma'aikaci ɗaya ko biyu. Injuna ne suka sa haka ta yiwu, saboda haka lafiyar inji da lafiyar gona tafiyarsu ɗaya. Wannan maƙala za ta yi bayanin ayyukan da ake yi a irin wannan gona daga watan Fabrairu zuwa Mayu, da dalilan kimiyya da ke ƙarƙashin kowane aiki.

Bazarar ƙasashen sanyi

Duniya a karkace take da digiri 23 da rabi yayin da take zagaya rana. Nebraska tana tsakanin digiri 40 da 43 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a watannin Disamba da Janairu hasken rana a gicciye yake sauka a kanta, yini ya gajarce, sanyi kuma yakan kai digiri 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa takan daskare ta yi tauri kamar dutse, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ta. Daga wajen 20 ga Maris, lokacin da dare da yini ke daidaita, rana takan fara ƙarfi, ƙanƙara ta narke, ciyawa ta tofo. Wannan lokaci ne akan fassara da bazara, ko da yake ya saɓa wa bazarar ƙasar Hausa mai tsananin zafi. Inda suka yi kama shi ne dukkansu lokacin shirin shuka ne. Manomin ƙasar Hausa ruwan shuka yake jira, na Nebraska kuwa ɗumin ƙasa yake jira.

Tsakanin sanyin ƙarshe na bazara da sanyin farko na kaka, kwanakin da amfanin gona ke da su ba su wuce wata huɗu zuwa biyar da rabi ba, gwargwadon yankin jihar. Wanda ya yi gaggawar shuka sanyi ya kashe masa tsiro, wanda ya makara kuma amfaninsa ya ragu, ko sanyin kaka ya riski masararsa ba ta nuna ba. Kwanakin da suka fi dacewa da shukar masara suna tsakanin ƙarshen Afrilu da tsakiyar Mayu, kuma ruwan sama yakan cinye wasu daga cikinsu. Tarakta da ta lalace na kwana uku a wannan tsakani tana iya jawo asarar da za a ji ta har ƙarshen shekara.

Haihuwar shanu

Aikin bazara daga garke yake farawa. Saniya takan ɗauki ciki na kimanin kwana 283, don haka makiyayan da suka saki bajimai cikin shanu a watannin Mayu da Yuni sukan sami maruƙa daga Fabrairu zuwa Afrilu. Dabarar ita ce maraƙi ya fara cin ciyawa daidai lokacin da makiyaya ta yi kore, uwar ma ta sami abincin da zai kawo mata nono. Akan riƙa zagaya shanun dare da rana, musamman karsana mai haihuwar fari, wadda ta fi fuskantar naƙuda mai wuya. Maraƙin da aka haifa a jiƙe cikin iska mai sanyi yana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i idan uwar ba ta lashe shi ya miƙe ya sha nono ba.

Nonon farko, wato dakashi, shi ne rayuwar maraƙi. Mahaifar saniya ba ta barin sinadaran garkuwar jiki su ratsa daga jinin uwa zuwa na ɗan tayi, saboda haka maraƙi yakan zo duniya ba shi da makamin yaƙi da cuta. Dakashi ne ke ɗauke da waɗannan sinadarai, hanjin maraƙi kuma yana iya shigar da su cikin jini ne a sa'o'in farko kawai. Ƙofar takan fara rufewa bayan kimanin sa'a 6, ta kusa rufewa gaba ɗaya bayan sa'a 24. Shi ya sa makiyayi ke ajiye dakashi a firji domin maraƙin da uwarsa ta ƙi shi ko ta mutu.

Babbar cutar wannan lokaci ita ce gudawar maruƙa. Masana lafiyar dabbobi na Jami'ar Nebraska sun lura cewa manyan maruƙa, ko da suna da lafiya, suna zubar da ƙwayoyin cuta a kashinsu, ƙwayoyin su yi ta taruwa a wurin haihuwa har su fi ƙarfin waɗanda aka haifa daga baya. A farkon shekarun 2000 suka fito da wani tsari da aka sa wa sunan yankin Sandhills, yankin tuddan rairayi masu ciyawa da ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na jihar. A tsarin, kowane mako akan kora shanun da ba su haihu ba zuwa sabuwar makiyaya, a bar waɗanda suka haihu a inda suke. Ta haka kowane maraƙi a wuri mai tsabta ake haifarsa, kuma da sa'o'insa yake zama. Ba a buƙatar magani ko inji, sai shinge da lura.

Sabuwar ciyawa ma tana da nata haɗari. Ciyawar da ta yi saurin tofowa cikin sanyi da danshi takan kasance da ƙarancin sinadarin maganiziyam, saniya mai shayarwa kuma tana zubar da shi cikin nono kullum. Idan ya yi ƙaranci a jininta sai ta kama rawar jiki da tangaɗi, ta faɗi, wani lokaci ta mutu kafin a ankara. Maganin abin shi ne a fara ba shanu gishirin lasa mai ɗauke da sinadarin makonni kafin a sake su. Kafin sakin kuma akan bi shingen waya mai ƙaya, mai tsawon kilomitoci, ana ɗaure inda nauyin ƙanƙara ya tsinke, ana duba famfunan da ke cika kwamin shan ruwa, sannan a yi wa maruƙa allurar rigakafi da shaida.

A cikin gareji

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan kowace babbar gona tana da garejinta, da injin walda da kayan kanikanci, kuma tun cikin hunturu ake fara shigo da injuna ɗaya bayan ɗaya.

Zuciyar tarakta ita ce injin dizal, wanda ya samo suna daga Rudolf Diesel na ƙasar Jamus, da ya kammala injinsa na farko mai aiki sosai a shekarar 1897. Wannan inji ba ya amfani da fulogi. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta koma kimanin kashi ɗaya cikin 17 na girmanta, matsin ya sa zafinta ya haura digiri 500, sai a fesa man dizal ya kama wuta da kansa. Daga wannan bayani ana iya gane dalilin mafi yawan gyare-gyaren da ake yi.

Na farko shi ne iska. Kafin inji ya ƙone lita ɗaya ta dizal sai ya shaƙi iska fiye da lita 10,000, gona kuwa wurin ƙura ce. Ƙura tana ɗauke da ɓarɓashin yashi wanda taurinsa ya isa ya kankare ƙarfe, idan ta shiga silinda sai ta riƙa cin bangonta da zobban fistin. Da zarar sun cinye, matsi ya ragu, inji ya rasa ƙarfi ya kama shan baƙin mai. Saboda haka matatar iska, wadda ba ta da tsada, ita ce ke tsare injin da kuɗinsa ya kai na gida.

Na biyu shi ne man dizal. Injunan zamani suna fesa mai da matsin da ya kai kimanin ninki 2,000 na matsin iskar sararin duniya, ta ƙofofin da siririntarsu ta kusa ta gashin kai. Ɗigon ruwa ko ɗan datti ya isa ya ɓata su. Tankin da ya kwana watanni ba a cike ba yakan tara raɓa a bangonsa saboda sauyin zafi da sanyi, ruwan ya kwanta a ƙasa ya haddasa tsatsa, wasu ƙananan halittu kuma su hayayyafa a inda ruwa da mai suka haɗu, su toshe matata. Don haka akan tsiyaye ruwan, a sauya matatun mai.

Na uku shi ne baƙin mai. Aikinsa shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su gogi juna, ya ɗebe zafi, ya kuma wanke baƙin hayaƙin da ƙuna ke bari. Da tafiya ta yi tafiya sinadaran da aka zuba masa sukan ƙare, ya tara tsami mai cin ƙarfe. Tarakta ba a auna aikinta da kilomita, da sa'o'i ake aunawa, kuma galibi akan yi juyen mai bayan sa'a 250 zuwa 500, gwargwadon umurnin kamfanin da ya ƙera ta. Manoma da yawa sukan aika da ɗan samfurin tsohon man zuwa ɗakin gwaji. Idan aka sami tagulla da yawa a ciki, alama ce wani boris ko wani sashe mai tagulla yana cinyewa. Idan yashi aka samu, ƙura tana shiga ta wani wuri. Wannan kamar gwajin jini ne ga ɗan Adam, yana nuna cuta tun ba ta kwantar da mai ita ba.

Sanyi ma yakan bar tabonsa. Ruwa yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, ƙarfin wannan kumburi kuma yana iya tsaga gangar inji. Shi ya sa ake gauraya ruwan lagireto rabi da rabi da wani sinadari mai hana daskarewa har zuwa kusan digiri 37 ƙasa da sifiri, a kuma gwada ƙarfinsa kowace shekara. Cikakken batir yakan nuna bolt 12.6, wanda ya sauka kuwa ruwan cikinsa yana iya daskarewa ya fasa shi. Akan kuma binciki ɓarnar ɓeraye, masu cin rigar wayoyin lantarki, da sheƙar tsuntsaye a kusa da salansa, domin busasshiyar ciyawa a jikin ƙarfe mai zafi ta sha jawo gobara.

Ƙarfin da tarakta ke ɗaga manyan kaya da shi daga matsin mai yake fitowa, wato tsarin haidirolik. Tushensa ƙa'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana ce a ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen mazubi yana isa kowane sashe nasa daidai wa daida. Famfon tarakta yana matsa mai da nauyin kimanin kilogiram 200 a kan kowace murabba'in santimita. Idan faɗin fuskar fistin murabba'in santimita 50 ne, to zai tura nauyin kilogiram 10,000, wato tan 10. Mesar roba da ta tsufa ba ta jure irin wannan matsi, saboda haka akan sauya duk wadda ta tsattsage. Daga nan sai a bi kowace gaɓa mai motsi a ɗura mata giris, a ɗaure notuna, a daidaita iskar tayoyi.

Akwai wani tarihi da ya danganci wannan jiha da tarakta. Wani manomi mai suna Wilmot Crozier ya sayi taraktar da ba ta yi aikin da masu tallarta suka ce za ta yi ba. Da ya zama ɗan majalisar dokokin jiha sai ya gabatar da ƙuduri, wanda ya zama doka a shekarar 1919, cewa ba za a sayar da samfurin tarakta a Nebraska ba sai jami'ar jiha ta gwada shi. Tarakta ta farko da ta ci gwajin ita ce Waterloo Boy, a shekarar 1920. Ɗakin gwajin da ke birnin Lincoln ya yi suna a duniya wajen auna ƙarfin tarakta da yawan man da take sha.

Na'urar shuka

Duk cikin injunan gona babu wadda ake yi wa duban tsanaki kamar na'urar shuka, domin kuskurenta ba ya gyaruwa sai wata shekara. Babbar na'ura mai layi 24, da tazarar santimita 76 tsakanin layi da layi, faɗinta ya kai mita 18. Kowane layi yana da faya-fayan ƙarfe biyu masu tsaga ƙasa, da tayoyin da ke tsare zurfin ramin a kimanin santimita 5, da wasu ƙananan tayoyi masu rufe shi. Ƙwayar iri kuwa wani faifai mai ramuka ne ke ɗaukarta: fanka tana zuƙe iska ta bayansa, kowane rami ya riƙe ƙwaya ɗaya, ya sake ta idan ya zagayo bakin bututu.

Lissafi zai nuna irin aikin da ake nema daga wannan na'ura. A gonar da ake ba ruwa akan shuka ƙwayar masara kimanin 80,000 a hekta, wato ƙwaya ɗaya a kowace santimita 16 ta layi. Idan tarakta tana tafiyar kilomita 8 a sa'a, tana cin fiye da mita 2 a daƙiƙa, saboda haka kowane layi sai ya ajiye ƙwaya 13 zuwa 14 a daƙiƙa guda, na'urar gaba ɗaya kuma fiye da 300. Idan faifai ya ɗauki biyu a rami ɗaya, tsirrai biyu za su yi ta kokawa kan haske da taki. Idan ya tsallake, an bar gurbi. Idan faya-fayan tsaga ƙasa suka cinye, zurfi ya bambanta, wasu tsirrai su riga wasu fitowa, na bayan kuma inuwar na gaba ta danne su su ba da ƙaramin zangarniya ko su ƙi bayarwa. Shi ya sa akan auna faɗin kowane faifai, a ciro ma'aunan iri a gwada su a kan tebur kafin ranar shuka.

Taraktocin zamani suna tuƙa kansu ta hanyar saƙon taurarin ɗan Adam na GPS, har su bi layi da kuskuren da bai wuce 'yan santimitoci ba. Wannan ci gaba ya zo da nasa rauni. A ranar 10 ga Mayu 2024 wata guguwar makamashi da ta taso daga rana ta hargitsa saman sararin samaniyar duniya, saƙon ya rikice, manoma da dama a tsakiyar Amurka suka dakatar da shuka ana tsakiyar aiki. Haka nan yawan kwamfuta a jikin injuna ya haifar da jayayya, domin wasu gyare-gyaren ba sa yiwuwa sai da manhajar kamfani. A shekarar 2023 jihar Colorado, maƙwabciyar Nebraska, ta kafa dokar da ta ba manoma haƙƙin samun kayan aiki da bayanan gyaran injunansu.

Ƙasa, taki da ruwa

Masara ba ta tsira yadda ya kamata sai zafin ƙasa ya kai digiri 10, don haka manomi yakan soka ma'aunin zafi a ƙasa da safe. Ƙwayar iri takan tsotsi ruwa da sauri a kwana biyun farko, idan ruwan mai tsananin sanyi ne sai ya yayyaga bangon ƙwayoyin halittarta, tsiron ya fito a naƙashe. Danshi ma abin dubawa ne. Kusan rabin ƙasa mai kyau ƙananan kafofi ne da iska da ruwa ke zama a ciki. Inji mai nauyin tan 20 idan ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan toshe kafofin, saiwa ta kasa ratsawa, illar kuma ta daɗe shekaru. Gwajin mai sauƙi ne: a dunƙule ƙasa a hannu, idan ta marmashe an iya shiga, idan ta zama curi a ƙara haƙuri.

Manoma da yawa sun daina kaftu da garma, kai tsaye suke shuka cikin karan bara. Darasi ne da aka koya daga fari da guguwar ƙura na shekarun 1930, lokacin da iska ta kwashe ƙasar sama ta filayen da aka yi wa huɗa aka bari tsirara. Karan yana rufe ƙasa ya tsare danshi, shanu kuma sukan yi kiwo a cikinsa da hunturu su bar kashinsu a gona.

Masara tana cin sinadarin naitirojin da yawa. Ɗaya daga cikin takin da ake amfani da shi ita ce amoniya marar ruwa, mai ɗauke da naitirojin kashi 82 cikin ɗari, alhali yuriya 46 take da shi. Ana haɗa ta ne ta hanyar da Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita aikin masana'anta a 1913. Tana tafasa a digiri 33 ƙasa da sifiri, don haka a matse take cikin tanki, kuma sai an cusa ta santimita 15 zuwa 20 cikin ƙasa don kada ta tsere. Tana da tsananin son ruwa, idan ta taɓa ido ko huhu sai ta ƙone su, shi ya sa kowane tanki ke tafe da jarkar ruwan wanki. Yawancin manoma sukan karɓa-karɓa tsakanin masara da waken soya, wanda wasu bakteriya a ƙulle-ƙullen saiwarsa ke samar masa da naitirojin daga iska.

Injin ban ruwa mai zagaye, wanda Frank Zybach ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1952, dogon bututu ne mai kimanin mita 400 a kan tayoyi, yana kewaya rijiyar burtsatse yana shayar da kimanin hekta 50. Mafi yawan ruwan daga taskar ƙarƙashin ƙasa ta Ogallala yake fitowa. Shi ma da bazara ake duba giyoyinsa da tayoyinsa da bakunan fesa ruwansa. Wani lokaci kuma ruwan ne ke yin yawa. A tsakiyar Maris 2019 ruwan sama ya sauka a kan dusar ƙanƙara alhali ƙasa tana daskare ba ta iya shanyewa, koguna suka cika, madatsar Spencer da ke kan kogin Niobrara ta ɓalle, maruƙa masu yawa suka halaka, yashi ya binne gonaki.

Tsare rai

Gajiya da gaggawa su ne abokan haɗari, kuma da bazara suka fi yawa. Sandar da ke bayan tarakta mai juya wasu injuna tana zagaye 540 a minti, wato 9 a daƙiƙa, idan ta kama bakin riga takan naɗe mutum kafin ya yi yunƙuri. Saboda haka ba a cire murfinta, ba a kuma gyara inji yana kunne. Ba a neman yoyon haidirolik da hannu, sai da guntun kwali, domin man yana iya huda fata ya shiga tsoka. Kifewar tarakta tana cikin manyan sababban mutuwar manoma, ƙasar Suwidin ce kuma ta fara tilasta sanya ƙarfen kariya a saman sababbin taraktoci a 1959, abin da ya rage mace-macen ƙwarai.

Kammalawa

Daga wannan bayani za a ga cewa aikin bazara a babbar gona ya haɗa ilmin halittu da na sinadarai da na fiziya da lissafi a wuri guda. Ƙa'idojin kula da inji kuwa ba su da iyakar ƙasa. Injin ban ruwa a fadama, da injin niƙa, da taraktar haya, duk tsabtatacciyar iska da tsabtataccen mai da juyen baƙin mai a kan kari suke bukata, ƙurar hunturu ma ta sa matatar iska ta fi muhimmanci a ƙasar Hausa. Malamai za su iya sa ɗalibai su maimaita lissafin tazarar iri da ma'aunin gonar makarantarsu, su kuma buɗe littafin da za a riƙa rubuta sa'o'in aikin kowane inji da ranar da aka yi masa gyara.